SLADE 3: Sharhi a Kan Manhajar da Ke Buɗe Tsofaffin Fayilolin Wasannin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kwafe abin da ke cikin tsohon faifan wasa na shekarun 1990 zuwa kwamfutar zamani ya san yadda mutum ke yin turus a gaban fayil mai suna DOOM2.WAD, ko DUKE3D.GRP, ko PAK0.PAK. Fayil ɗin yana nan lafiya lau, babu abin da ya lalace a cikinsa, amma babu ko ɗaya daga cikin manhajojin da kwamfutar ta zo da su da ta san yadda za ta buɗe shi. Hotuna suna ciki, da sautuka, da kiɗa, da taswirorin matakan wasa, sai dai an jera su ne bisa wani tsari da kamfanin da ya yi wasan ya ƙirƙira domin amfanin kansa kaɗai, a zamanin da ba a yi tunanin wani zai nemi karanta su bayan shekaru 30 ba. SLADE 3 manhaja ce da aka gina domin wannan matsalar, kuma a ganina tana cikin mafi nagarta a fanninta, ko da yake nagartar tata tana da iyakar da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya sauke ta.

Simon Judd ne ya fara ta, kuma shi ke jagorantar aikin tare da masu ba da gudummawa na sa kai. Kyauta ake samun ta, rubutun tushenta a buɗe yake ƙarƙashin lasisin GPL, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Asalinta manhajoji biyu ne da aka haɗe wuri guda, wato SLumpEd mai sarrafa abin da ke cikin fayil, da tsohuwar SLADE mai zana taswira. Ba ta zuwa da fayilolin kowane wasa, domin waɗannan mallakar kamfanoninsu ne, saboda haka dole mutum ya zo da nasa. Wanda ba shi da ko ɗaya yana iya farawa da fayilolin Freedoom, waɗanda masu sa kai suka tsara bisa tsarin wasan Doom suka kuma sake su ga kowa, ko da DOOM1.WAD, wato kashin farko na wasan wanda kamfanin id Software da ya yi shi ya raba kyauta tun fitowarsa.

Ba za a gane darajar aikin SLADE ba sai an san abin da take fama da shi. Lokacin da Doom ya fito a ranar 10 ga Disamba, 1993, kwamfutar da aka yi shi dominta tana tafiya ne da tsohon tsarin gudanar da kwamfuta na DOS, ƙwaƙwalwarta ba ta wuce megabayit 4 ba a wurin mutane da yawa, allonta kuma yana nuna ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, da launuka 256 kacal a lokaci guda. Tsarin adana hoto na PNG bai ma samu ba tukuna. Kowane kamfani yakan zauna ya tsara yadda zai adana kayansa ta hanyar da injin wasansa, wato shirin da ke tafiyar da wasan, zai karanta su da sauri ba tare da ɓarnar wuri ba, kuma ba kasafai ake rubuta bayanin tsarin domin na waje ba. Wannan ne ya sa fayilolin wancan zamani suka bambanta da juna ƙwarai, har tsakanin wasanni biyu na kamfani ɗaya.

Tsarin WAD na Doom yana da sauƙin da ke ba mutum sha'awa. Bayit 12 na farko su ne kan fayil: haruffa huɗu da ke cewa IWAD idan ainihin fayil ɗin wasa ne, ko PWAD idan ƙari ne da wani ya yi, sai lambar da ke faɗin adadin guntayen da ke ciki, sai wata lambar da ke nuna inda fihirisa ta fara. A cikin fihirisar kowane guntu yana da bayit 16, huɗu na wurin da yake, huɗu na girmansa, takwas na sunansa. Iyakar abin ke nan. Babu folda, babu kwanan wata, kuma babu inda aka rubuta ko wannan guntu hoto ne ko sauti ko taswira. Rumbu ne da aka zuba wa kaya ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da ɗan gajeren sunansa, amma ba a faɗi abin da aka ƙulle a ciki ba, domin mai rumbun ya san kayansa. Injin wasan ya san cewa PLAYPAL jerin launuka ne saboda haka aka rubuta a cikin shirinsa, ba don fayil ɗin ya faɗa masa ba.

A nan ne SLADE ta fi burge ni. Da zarar an buɗe fayil, sai ta jera guntayen a gefen hagu, kowanne da sunansa da girmansa da kuma nau'insa, alhali nau'in nan ita ce ta gano shi da kanta. Wasu guntayen suna da alama a farkonsu, kamar kiɗan Doom da ke farawa da haruffan MUS, saboda haka gane su ba shi da wuya. Wasu kuwa ba su da alamar komai. Hoton daɓe ko na rufi, alal misali, bayit 4096 ne zalla, wato ɗigo 64 sau 64, ba shi da kai ba shi da bayani, kuma abin da ke nuna shi hoto ne shi ne girmansa da zamansa tsakanin guntaye biyu marasa komai a ciki masu suna F_START da F_END. Hotunan dodanni da makamai su ma ba su da tambari, sai an duba ko lambobin faɗi da tsayin da ke farkonsu sun yi daidai da hankali, kuma ko alamomin da ke biye suna nuni zuwa cikin guntun ne ba wajensa ba. Duk wannan bincike yana gudana cikin ɗan lokaci, ko da fayil ɗin yana ɗauke da guntaye dubbai, kuma mai amfani ba ya ganin komai sai sakamako. Idan ta kasa gane wani guntu takan ce ba ta san shi ba, ta bar mutum ya dube shi a matsayin rubutu ko ɗanyen lambobi, wanda ya fi a ce ta yi masa ƙarya.

Ya dace a ɗan tsaya a kan hotunan, domin a nan ake ganin hikimar mutanen da suka tsara su. Hoton zamani ana adana shi layi-layi a kwance, daga sama zuwa ƙasa. Hoton dodo ko na bango a Doom kuwa a tsaye ake adana shi, layin tsaye bayan layin tsaye, saboda injin yana zana bango da halittu ne a tsaye, kuma karanta bayanai a jere ya fi sauri a wurin na'urar wancan lokaci. Kowane layin tsaye an rarraba shi gutsi-gutsi, kowane gutsi yana faɗin inda zai fara daga sama da adadin ɗigon da ke cikinsa, sannan lamba 255 ta rufe layin. Wurin da babu zane, kamar tsakanin ƙafafun dodo, ba a adana masa komai, tsallake shi kawai ake yi. Daɓe da rufi kuma a kwance injin ke zana su, shi ya sa nasu tsarin ya fita daban. Hatta sunayen suna ɗauke da aiki: a guntu mai suna TROOA2A8, haruffa huɗun farko sunan halittar ne, A ita ce matakin motsi, 2 ita ce kusurwar da ake kallon ta, A8 kuma tana nufin a juya wannan hoton a yi amfani da shi a kusurwa ta takwas domin a rage cin wuri. SLADE tana nuna hoton tare da layukan da ke nuna inda zai tsaya a kan allo, kuma ana iya jan sa da linzami a gyara matsayinsa. Wanda ya taɓa ganin bindiga ta karkace gefe a cikin wasa saboda kuskuren lamba ɗaya zai san amfanin wannan.

Batun launi shi ne wurin da sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. Babu launi ko ɗaya a cikin waɗannan hotuna, lambobi ne daga 0 zuwa 255, kowace lamba tana nuni zuwa gurbi a jerin launukan da ke PLAYPAL. Guntun nan yana ɗauke da jeri 14, kowanne bayit 768: na farko shi ne na yau da kullum, sai masu ja da allo ke komawa idan an ji wa ɗan wasa rauni, sai masu ruwan zinariya na lokacin da ya tsinci kaya, sai na ƙarshe mai kore na rigar kariya. Heretic da Hexen na kamfanin Raven Software, waɗanda suka fito a 1994 da 1995, suna amfani da tsarin WAD ɗin nan sak, amma jerin launukansu daban ne. Idan aka buɗe hoton Heretic da launukan Doom, siffar za ta fito daidai amma launin zai hargitse, fata ta koma wani abu dabam, ƙarfe ya yi dabbare-dabbare. SLADE tana da ɗan akwatin zaɓin jerin launuka, kuma tana zuwa da na wasanni da dama a shirye. Haka nan tana son a nuna mata ainihin fayil ɗin wasan da ake aiki a kansa, wanda za ta riƙa komawa gare shi domin launuka da zanen bangon da ba su cikin ƙaramin fayil ɗin da aka buɗe. Ƙorafina a nan shi ne manhajar tana ɗauka cewa mutum ya riga ya san dalilin wannan mataki. Wanda bai sani ba zai ga hoto a hargitse ya zaci fayil ɗinsa ne ya lalace, alhali zaɓi ɗaya ne bai yi ba.

Juya hoto zuwa PNG yana tafiya sumul, kuma ana iya zaɓar ɗaruruwa a juya su gaba ɗaya. Abin yabo shi ne matsayin hoton ba ya ɓata, domin ana ajiye shi a wani ƙaramin sashe na PNG ɗin mai suna grAb, wanda injunan zamani irin su GZDoom suke karantawa. Komawa baya, daga PNG zuwa tsarin Doom, shi ne ke da asara, kuma ba laifin manhajar ba ne: hoton da ke da launuka dubbai dole a matse shi cikin 256, kowane ɗigo a ba shi launin da ya fi kusa da nasa. Jerin launukan Doom yana da yalwar ja da ruwan ƙasa da toka da kore, amma ba shi da wadatar wasu launukan, saboda haka akwai hotunan da ba za su taɓa fitowa da kyau ba. SLADE tana nuna hoton kafin juyi da bayansa gefe da gefe, tana kuma ba da zaɓin yadda za a yi da wuraren da ya kamata a ga abin da ke bayansu. Wannan ya fi tsohuwar al'adar manhajojin farko, inda ake shafa wani launi mai ruwan shuɗi da kore a wurin da ake so ya zama fanko, wani lokaci kuma ya biyo hoton har cikin wasa.

Zanen bango yana da nasa sarƙaƙiyar. Doom ba ya adana kowane bango a matsayin hoto guda, yana haɗa shi ne daga ƙananan faci, inda guntun PNAMES ke riƙe da jerin sunayen facin, TEXTURE1 kuma ke faɗin wane faci za a ɗora a ina. TEXTURE1 yana kiran faci ne da lambarsa a cikin jerin, ba da sunansa ba, don haka idan aka cire suna ɗaya daga tsakiyar PNAMES da hannu, duk na bayansa sun gurɗe. Sashen da SLADE ta ware wa wannan aiki yana riƙe guntayen biyu tare, yana nuna bangon yadda zai fito, kuma ana jan faci da linzami. A wurina wannan sashe kaɗai ya isa dalilin ajiye manhajar.

Ta fuskar sauti, tana kunna ƙarar bindiga da kukan dodanni kai tsaye. Waɗannan guntaye, masu farawa da haruffan DS, galibinsu an naɗe su ne a kan ma'aunin 11,025 a daƙiƙa da bit 8, bisa tsarin DMX na Paul Radek, kuma ana iya mayar da su fayil ɗin sauti na WAV ko a dawo da WAV zuwa gare su. Kiɗan MUS ma tana kunna shi, tana kuma juya shi zuwa sanannen tsarin kiɗan kwamfuta na MIDI. Sai dai akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe: MUS ba sauti ba ne, umarni ne na wane amo za a kaɗa, da wane kayan kiɗa, a wane lokaci. Abin da kunne ya ji a 1993 ya danganta ne da katin sautin da ke cikin kwamfutar, kuma ga mafi yawan mutane katin AdLib ne ko Sound Blaster mai ƙwayar OPL ta Yamaha, wadda guntun GENMIDI ke koya wa yadda za ta kwaikwayi kowane kayan kiɗa. Abin da SLADE za ta jiyar da mutum ya danganta da tarin muryoyin MIDI ɗin da ya saka mata, kuma zai iya fin na asali daɗi ba tare da ya zama shi ba. Ya wadatar domin gane wane kiɗa ne wannan, amma mai binciken tarihi kada ya ɗauke shi a matsayin shaida.

Akwai ƙananan guntaye da nake jin daɗin yadda ba ta raina su ba. ENDOOM bayit 4000 ne, wato allon rubutun DOS mai gurbi 80 a kwance da 25 a tsaye, kowane gurbi da bayit ɗaya na harafi da ɗaya na launi, kuma shi ne abin da ake gani bayan an fita daga wasa. SLADE tana nuna shi da launukansa. Guntayen DEMO kuwa darasi ne a kan iyakar kowace manhaja irin wannan, domin ba bidiyo ba ne, rubutaccen tarihin maɓallan da ɗan wasa ya danna ne sau 35 a kowace daƙiƙa. Ba su da ma'ana sai a hannun injin da zai maimaita lissafin daidai da na asali, kuma ƙaramin sauyi a taswira ko a sigar injin ya isa ya sa ɗan wasan ya riƙa harbin bango. Manhajar za ta gane guntun ta kuma kwafe shi ba tare da ta taɓa shi ba, amma kallon sa aikin injin wasa ne.

Sunanta ya fi fita a wurin masu Doom, amma tana buɗe rumbunan wasu wasanni da dama, kuma jera su kusa da juna yana nuna yadda kowane mai tsari ya warware matsala ɗaya ta hanyarsa. PAK na Quake, wanda ya fito a 1996, yana farawa da kalmar PACK, kuma ya ba kowane fayil bayit 64 a fihirisa, 56 daga ciki na suna, abin da ya ba da damar rubuta hanyar folda. GRP na Duke Nukem 3D, shi ma na 1996, yana farawa da sunan Ken Silverman da ya rubuta injin Build, haruffa 12 a haɗe, kuma fihirisarsa ba ta faɗin inda fayil yake, suna da girma kawai take bayarwa, sai mai karatu ya tara girman duk waɗanda suka gabata kafin ya isa inda yake nema. HOG na Descent ba shi ma da fihirisa, kowane fayil yana ɗauke da sunansa da girmansa a gabansa, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga farko. RFF na Blood, na 1997, ya ƙara da ɓoye fihirisarsa da wani sauƙaƙƙen sirri. Akwai kuma GOB da LFD na Dark Forces. Duk waɗannan SLADE tana baje su a fuska iri ɗaya, har mutum ya manta cewa a ƙarƙashi ba su yi kama da juna ba.

Wolfenstein 3D na 1992 ya fi su wahala, domin kayansa a warwatse suke cikin fayiloli masu dogaro da juna. Hotunan da ke VGAGRAPH an matse su ne da dabarar Huffman, ba a kuma iya warware su sai da VGADICT, ba a sanin inda kowanne ya fara sai da VGAHEAD. Taswirorin da ke GAMEMAPS suna buƙatar MAPHEAD. Jerin launukan wasan kuwa ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu, yana cikin shirin wasan ne kansa. Wanda ya adana fayil ɗaya ya yar da 'yan uwansa ya adana abin da ba zai karantu ba. SLADE tana iya haɗa su idan suna cikin folda ɗaya da sunayensu na asali.

Amma buɗe rumbu daban, fahimtar kayan da ke ciki daban, kuma a nan ne iyakar da na ambata take. Gwargwadon nisan wasa daga zuriyar Doom, gwargwadon raguwar abin da manhajar ke iya yi da shi. A cikin GRP za ta nuna hotunan da ke fayilolin ART, amma taswirar Build ba aikinta ba ce, sai a nemi Mapster32. A cikin PAK za ta fitar da duk abin da ake so, amma gina matakan Quake aikin manhaja irin TrenchBroom ne, haka nan siffofin halittunsa masu kauri da zurfi suna buƙatar nasu kayan aikin. Ba na ganin wannan a matsayin aibi, domin ba ta yi alkawarin zama komai da komai ba, amma wanda ya ga dogon jerin nau'o'in da take buɗewa ya zaci duk za a yi masa hidima iri ɗaya zai sha mamaki.

Karanta tsohon fayil rabin aiki ne, mayar da shi yadda tsohon injin zai karɓa shi ne sauran rabin. A cikin WAD jeri yana da hukunci: idan guntaye biyu suka yi suna ɗaya, na ƙarshe injin ke ɗauka, kuma hoton da ya fita daga tsakanin S_START da S_END ya daina zama hoton halitta a idon injin ko da ba a taɓa ko ɗigo ɗaya a cikinsa ba. SLADE ba ta sake jera kaya da ra'ayin kanta, kuma tana da kayan share-share da ke gano sunayen da suka maimaitu, da facin da babu bangon da ke amfani da shi, da guntayen da aka kwafo daga ainihin fayil ɗin wasa ba tare da sauyi ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga mai son raba aikinsa ba tare da ya raba kayan kamfani ba. Haka kuma, a yadda take zuwa, ba ta yarda a yi ajiya a kan IWAD sai an cire wannan kariya da gangan. Na yaba da wannan ƙwarai, domin ainihin fayil ɗin da aka taɓa ko da bayit ɗaya ya daina dacewa da na kowa.

Sashen zana taswira shi ne wanda ra'ayina ya rabu a kansa. Taswirar Doom guntaye goma ce a jere bayan sunanta, daga THINGS da LINEDEFS da SIDEDEFS da VERTEXES har zuwa REJECT da BLOCKMAP, kuma wasu daga ciki, irin su SEGS da SSECTORS da NODES, ba mutum ke zana su ba, wata manhaja ce ke lissafa su bayan kowane gyara domin injin ya san abin da zai fara zanawa. SLADE tana kiran irin wannan manhaja daga waje, kamar ZDBSP, kuma tana fahimtar tsarin taswirar Doom, da na Hexen wanda ya ƙara guntun BEHAVIOR, da UDMF na baya-bayan nan wanda rubutu ne da ido ke iya karantawa. Ana iya shiga cikin taswirar a zaga, a ɗaga daɓe, a sauya bango. Yana aiki, kuma ga masu macOS da Linux babbar ni'ima ce. Duk da haka, masu zana taswira da yawa sun fi karkata ga Ultimate Doom Builder domin manyan ayyuka, suna barin SLADE ga hotuna da sautuka da rubutun umarni, kuma ina ganin wannan rabon aiki ya yi daidai.

Fuskar manhajar cike take da kalmomin 'yan hannu, kuma ba ta tsayawa ta yi bayani. Wannan gado ne daga inda ta fito. Tun a 1994 Matt Fell ya rubuta bayanin tsarin WAD ba da hannun kamfani ba, Brendon Wyber da Raphaël Quinet suka samar da manhajar zana taswira ta DEU, daga baya manhajojin WinTex da XWE suka biyo, sannan sakin rubutun tushen Doom a Disamba 1997 ya tabbatar da abin da a da sai an yi hasashe. Kowace manhaja a wannan zuriya an rubuta ta ne domin mutanen da suka riga suka karanta waɗannan bayanai. Da za a tambaye ni abu ɗaya da za a ƙara, da na ce a sa ɗan taƙaitaccen bayani a gefen kowane nau'in guntu, jimla biyu ko uku da ke faɗin mene ne shi, da wane guntu yake dogara, da abin da zai lalace idan aka motsa shi. Ilimin yana nan a cikin manhajar, tunda da shi take gane kayan, saura kawai a fito da shi fili.

Ga mai son gyara ko ƙirƙirar ƙari ga Doom, Heretic, Hexen ko Strife, ban san wata manhaja da ta tara waɗannan ayyuka wuri ɗaya kamar ta ba, kuma tana sarrafa PK3, wato ZIP da aka sauya wa suna, wanda injunan zamani suka fi so saboda ya kawar da takurar haruffa takwas. Tsohon tsarin ma bai bar aiki ba, domin a 2019 John Romero, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Doom, ya saki sababbin matakan wasan masu suna Sigil a matsayin WAD. Ga mai son ciro hoto ko sauti daga Quake, Duke Nukem 3D, Blood, Descent ko Wolfenstein 3D, za ta biya buƙata, muddin ya ajiye ainihin fayil ɗin a gefe ya yi aiki da kwafi, domin PNG da WAV ɗin da ya fitar ba su ɗauke da jeri da alaƙar da ke tsakanin guntaye. Wanda kuwa abin da ke hannunsa fayilolin wasannin labari ne na Sierra, irin su RESOURCE.MAP, ko na LucasArts masu injin SCUMM, wannan ba ƙofarsa ba ce, ya nemi ScummVM, wadda ke karanta waɗancan tsare-tsaren domin a buga wasan a kwamfutar yau.